Yadda ake gane ayon mai caji biyu da karanta tsagewarsa a na'urar auna nauyin molekul

Na'urar mas-sifektiromita ba nauyin molekul take aunawa kai tsaye ba. Abin da take nunawa shi ne nauyin ayon, wato molekul ko atom mai ɗauke da cajin lantarki, bayan an raba shi da adadin cajin da yake ɗauke da shi, wato abin da ake rubutawa m/z. Muddin cajin ɗaya ne, lambar da ke kan allo ita ce nauyin, kuma a hankali mutum yakan saba har ya manta cewa akwai rabawa a cikin lissafin. Ranar da ayon mai caji biyu ya shigo, wannan sabo ne yake kai mutum ya baro, domin zai ga uwa, wato ayon da aka tsage, a m/z 786 kuma ya ga 'yarta, wato gutsuren da ya fito daga gare ta, a 1171, alhali tun farko an koya masa cewa gutsure ba ya fin abin da aka gutsuro shi daga jikinsa. Na sha ganin masu koyo sun share irin waɗannan ƙololuwa, wato layukan da ke nuna kowane ayon a kan allo, da sunan datti ne, alhali su ne mafi daraja a duk sifektiram ɗin, wato zanen sakamakon da na'urar ke fitarwa. Maganin wannan kuskure shi ne riƙe lissafi biyu a lokaci guda, na nauyi da na caji, kuma kada a amince da wata fassara sai dukansu biyu sun daidaita.

Mataki na farko: san inda ayon ɗin ya fito

Kafin ka taɓa lissafi, duba hanyar da aka bi aka samar da ayon, domin ita ce take gaya maka abin da cajin biyu yake nufi. A hanyar harbin ilektiron, wadda ake taƙaitawa da EI kuma aka saba gudanarwa da kuzarin eV 70 (eV ma'aunin kuzari ne), ilektiron biyu ake fizgewa daga molekul, nauyinsa kuma kusan bai canja ba. Wannan aiki ne mai tsada ta fuskar kuzari: eV 9.24 ya isa a cire ilektiron ɗaya daga benzin, amma cire biyu yana buƙatar kusan eV 25. Shi ya sa aka fi ganin irin waɗannan ayon a molekul masu zobba da yawa a haɗe, kamar naftalin da antirasin da fairin, waɗanda ke da filin da cajin biyu zai bazu. A hanyar feshin lantarki kuwa, wato ESI, wadda John Fenn ya samu kyautar Nobel a kanta a 2002, furoton biyu ake liƙa wa molekul, saboda haka nauyin ya ƙaru da nauyinsu. Akwai kuma kashi na uku, su ne sinadaran da tun a cikin ruwa suke ɗauke da caji biyu na dindindin, irin su farakwat mai kashe ciyawa.

Mataki na biyu: tabbatar da cajin

A nan ya kamata a fi ɗaukar lokaci, domin duk abin da zai biyo baya a kan wannan yake zaune. Shaida mafi ƙarfi tana cikin tazarar aisotof, wato atom iri ɗaya masu bambancin nauyi. A cikin kowane karbon ɗari, kimanin 1.1 karbon-13 ne, wanda ya fi karbon-12 nauyi da dalton 1.00335 (dalton shi ne ma'aunin nauyin atom da molekul). Idan cajin ɗaya ne, ƙololuwar aisotof tana nesa da ta farko da kusan 1 cif. Idan biyu ne, tazarar ta koma 0.50, idan uku ne kuma 0.33. Saboda haka ka faɗaɗa wurin a kan allo har sai ka ga ƙololuwa ɗaiɗai, sannan ka auna tazarar da kanka, kada ka dogara ga lambar cajin da manhaja ta rubuta kawai, domin takan yi kuskure idan sigina ta yi rauni ko ayon biyu sun hau kan juna. Na'ura mai sanduna huɗu da aka saita a faɗin da aka saba, kusan 0.7, ba za ta raba ƙololuwa masu tazarar 0.5 da kyau ba. Za ka ga tudu ɗaya mai faɗi, kuma dole ka matse saitin ko ka koma na'urar da ta fi kaifin gani.

A sifektiram na EI akwai wata alama mai sauƙi, ita ce ƙololuwa a rabin lamba. Karbazol yana da nauyi 167, saboda haka ayonsa mai caji biyu yana fitowa a 83.5, kuma babu wani ayon mai caji ɗaya na sinadaran karbon na yau da kullum da zai zauna a wurin. Matsalar tana zuwa ne idan nauyin lamba ce da ke rabuwa biyu daidai. Benzin mai caji biyu yana faɗawa a 39, daidai inda gutsuren C3H3 mai caji ɗaya yake, kuma ido ba zai bambance su ba. Abin yi shi ne ka nemi 'yar ƙaramar ƙololuwa a 39.5, wadda ba ta da wani asali sai benzin mai caji biyu da ke ɗauke da karbon-13 guda. Tun da karbon shida ne, tsayinta kusan kashi 6.5 cikin ɗari ne na ayon mai caji biyun, saboda haka idan ka raba tsayinta da 0.065 za ka san rabon da yake nasa a cikin ƙololuwar 39. Haka ake yi wa naitirojin, wanda ayonsa mai caji biyu ke ɓuya a 14 tare da atom ɗin naitirojin mai caji ɗaya, sai a neme shi a 14.5. Ka lura cewa yawancin sifektiram da ke cikin rumbunan kwatance an mayar da lambobinsu cikakku, don haka rashin rabin lamba a cikinsu ba hujja ba ce. Asalin bayanan na'urarka za ka duba.

Akwai tarko guda da ya cancanci ambato. Molekul biyu da suka manne da juna suka ɗauki furoton biyu suna fitowa a daidai m/z ɗin molekul ɗaya mai furoton ɗaya. Idan ka ga tazarar 0.5 a inda kake tsammanin caji ɗaya, ka tsarma samfurin ka sake aunawa. Mannewa tana raguwa idan an tsarma, ayon na gaske kuwa yana nan daram.

Mataki na uku: fitar da nauyin gaskiya

Ga EI, ninka m/z sau biyu kawai. Ga ESI, cire nauyin furoton, wato 1.00728, daga m/z, sannan ka ninka sau biyu. Mu ɗauki wani feftayid, wato gajeren jerin amino asid, da ake yawan amfani da shi wajen gwada lafiyar na'ura, Glu-fibrinofeftayid B, mai jerin amino asid EGVNDNEEGFFSAR, inda kowane harafi ke wakiltar amino asid guda. Yana fitowa a 785.84, aisotof ɗinsa na biye a 786.34 da 786.84. Idan aka cire 1.007 aka ninka, nauyinsa 1569.67 ne. Ka rubuta wata lamba a gefe, ninkin m/z ɗin ba tare da cire komai ba, wato 1571.68, domin da ita za ka yi aiki a mataki na shida. Idan kuma ka ga wata ƙololuwa a sama da uwar da tazarar 10.99, sodiyam ne ya maye gurbin furoton ɗaya, kuma tsagewar wannan ayon ba za ta yi kama da ta mai furoton biyu ba.

Mataki na huɗu: saita na'ura kafin karo

Abu uku ake gyarawa. Na farko shi ne iyakar dubawa, wadda dole ta kai ninki biyu na m/z ɗin uwa. Wanda ya tsayar da dubawa a 800 saboda uwar tana 786 ya zubar da rabin shaidarsa tun kafin ya fara. Na biyu shi ne faɗin tagar zaɓe, wato iyakar m/z da na'ura ke barin ta wuce domin a tsage ta. Idan ka matse ta har ƙololuwar farko kaɗai ta wuce, gutsattsarin za su fito babu aisotof, kuma ba za ka iya sanin cajinsu ba. Ina ba da shawarar a yi aunawa ɗaya da taga mai faɗin 2 zuwa 3 domin karanta caji, sannan a yi wata da matsattsiyar taga domin tabbatar da cewa babu baƙon ayon da ya kutso. Na uku shi ne kuzarin karo, wato ƙarfin da ayon ke buga iskar gas da shi domin ya tsage. Kuzarin da ayon ke samu shi ne cajinsa ninke da ƙarfin wutar da ta hanzarta shi, saboda haka bolt 25 yana ba ayon mai caji biyu eV 50. Idan ka yi amfani da saitin da ya dace da mai caji ɗaya, za ka iya niƙe shi gaba ɗaya, manyan gutsattsari su ɓace. Ka fara daga ƙasa, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kana adana sifektiram a kowane matsayi. Wasu manhajoji suna gyara kuzarin da kansu gwargwadon cajin da ka shigar, don haka ka tabbatar ka shigar da 2.

Mataki na biyar: raba gutsattsari gida biyu

Ayon mai caji biyu hanya biyu yake da ita. Ko dai ya rabu kowane ɓangare ya tafi da caji ɗaya, ko kuma ɓangare ɗaya ya riƙe cajin biyu, ɗayan ya fita babu caji, na'ura ba ta ganinsa. Yana da kyau a fahimci abin da ke zaɓar hanyar. Caji iri ɗaya suna ture juna, kuma a mafi yawan ƙananan molekul gutsure biyu masu caji ɗaiɗai sun fi uwar kwanciyar hankali ta fuskar kuzari. Abin da ke hana uwar tarwatsewa nan take shi ne shingen kuzari da haɗin sinadari ya gina, tamkar ruwa da ya kwanta a ramin da ke saman dutse: yana sama da kwari, amma sai ya haye baki kafin ya gangara. Linus Pauling ya yi hasashen irin wannan yanayi ga molekul ɗin hiliyam biyu mai caji biyu tun 1933, kuma sai a 1984 aka gan shi a gwaji. Gwargwadon ƙanƙantar molekul, gwargwadon kusancin cajin da ƙarfin turewar, shi ya sa ƙanana suka fi rabuwar caji. Karbon dayoksaid mai caji biyu, wanda ke fitowa a 22, yana rabuwa zuwa CO a 28 da oksijin a 16. Manya kuwa suna iya zubar da ƙaramin ɓangare su ci gaba da riƙe cajinsu.

Gida na farko ke nan: duk ƙololuwar da ta fi uwa m/z, caji ɗaya gare ta, kuma daga rabuwar caji ta fito, idan dai uwar tana da tsabta. Gida na biyu su ne waɗanda ke ƙasa da uwa da tazarar aisotof 0.5. A nan kowane nauyin da aka zubar yana bayyana a rabinsa. Fitar ruwa, dalton 18.01, tana nuna tazarar 9.005, saboda haka feftayid ɗinmu zai koma 776.84. Fitar amoniya tana nuna 8.51. Fitar fosforik asid daga feftayid mai fosfet, dalton 97.98, tana nuna 48.99, kuma wannan tazara alama ce da masu binciken furotin suka daɗe suna nema. A EI, antirasin mai nauyi 178 yana da ayon mai caji biyu a 89, fitar haidirojin biyu ta kai shi 88, fitar asetilin mai dalton 26 kuma ta kai shi 76. Wanda bai riƙe lissafin caji ba zai ga tazarar 9 ko 13 ya rasa abin da ya fita, domin babu wani ɓangare mai ma'ana da ke da wannan nauyi.

Mataki na shida: nemo wa kowane gutsure abokinsa

Wannan ne mataki mafi daɗi a wurina, domin a nan sifektiram yake tabbatar da kansa. Idan uwa ta rabu gida biyu masu caji ɗaiɗai, jimillar m/z ɗinsu dole ta zama ninki biyu na m/z ɗin uwa. Saboda haka ka ɗauki kowace ƙololuwa ta gida na farko, ka cire ta daga ninkin da ka rubuta a gefe, ka je ka duba ko akwai wani abu a wurin da amsar ta nuna. Farakwat yana fitowa a 93.06, ninkinsa 186.12. Babban gutsurensa yana 171.09, abin da ya rage kuwa 15.02, wato metil mai caji ɗaya. Caji biyu sun rabu, nauyi ya cika, lissafin biyu sun rufe.

A feftayid, ana kiran gutsuren da ya riƙe farkon jeri b, wanda ya riƙe ƙarshe kuma y, lambar da ke biye da harafin kuma ita ce adadin amino asid ɗinsa, bisa tsarin suna da Roepstorff da Fohlman suka gabatar a 1984. A misalinmu, b2, wato E da G, yana 187.07, abokinsa y12 yana 1384.61, jimillarsu 1571.68. Haka b3 a 286.14 da y11 a 1285.54 suna ba da wannan jimilla ɗin. Daga nan sai ka bi jerin y daga ƙasa: 175.12 arjinin ne a ƙarshe, 246.16 ya ƙara alanin, 333.19 ya ƙara serin, 480.26 da 627.32 feniyalanin biyu ne a jere, 684.35 gilaisin, 813.39 da 942.43 gulutamik asid biyu, 1056.47 asfarajin, 1171.50 asfatik asid. Ka lura cewa daga 813 zuwa sama duk sun haura uwar, kuma rabin jerin amino asid ɗin a can yake rubuce.

Dalilin da ya sa irin wannan feftayid yake tsagewa da kyau yana taimakawa wajen hasashen abin da za a gani. Tirifsin, sinadarin da ake sara furotin da shi zuwa feftayid, yana yanka furotin bayan laisin ko arjinin, don haka kowane guntu yana da wurin riƙe furoton a ƙarshensa da wani a farkonsa. Arjinin yana kama furoton ɗaya ya ƙi saki, na biyun kuwa yana yawo a kan ƙashin bayan molekul idan ya samu kuzari, kuma duk haɗin da ya sauka a kai yana raunana. Wannan shi ne bayanin furoton mai yawo da aka inganta a shekarun 1990. Daga gare shi ake fahimtar abu biyu. Idan feftayid yana da arjinin biyu da caji biyu, babu furoton da zai yi yawo, tsagewar za ta yi ƙaranci kuma ta fi taruwa bayan asfatik asid. Idan kuma akwai furolin a jerin, haɗin da ke tsakaninsa da amino asid ɗin da ya zo kafinsa yakan karye fiye da saura, har ƙololuwarsa ta danne sauran.

Mataki na bakwai: idan aboki ya ɓace

Ba kowane gutsure ne za a samu abokinsa ba, kuma rashinsa bai rushe fassara ba muddin akwai dalili. Tarkon ayon mai sanduna huɗu ba ya riƙe gutsattsarin da ke ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku na m/z ɗin uwa, saboda haka ga uwa a 786 kada ka yi tsammanin ganin 175 ko 187. Metil a 15 kuwa yana ƙasa da inda yawancin na'urori ke fara dubawa. Wani lokaci abokin ya sake tsagewa ne. Manyan b ba su da ƙarfin jiki kamar y, sukan zubar da karbon monoksaid, dalton 27.99, su koma gutsattsarin da ake kira a, ko su ƙara raguwa, musamman a ɗakin karo inda ake ta karo a jere. Nan ne sifektiram ɗin da ka adana a ƙaramin kuzari zai yi amfani, domin abin da ya fara bayyana shi ne ɗan fari, wanda ya biyo baya a babban kuzari kuma jika ne. Kafin ka yanke hukunci, ka kuma duba ko gutsuren yana nan da caji biyu, ta hanyar ƙara 1.007 a kan m/z ɗinsa ka raba biyu. Y12 zai koma 692.81.

Idan ka koma hanyar da ake ba ayon ilektiron a maimakon karo, wato ECD da aka gabatar a 1998 ko ETD da ta biyo baya a 2004, lissafin caji ya canja. Ilektiron ya kashe caji ɗaya, saura ɗaya, don haka cikin gutsure biyu ɗaya ne kaɗai zai bayyana, kuma sau da yawa ɓangarorin sukan ci gaba da manne da juna su fito a ninkin m/z ɗin uwa. Shi ya sa waɗannan hanyoyi suka fi dacewa da caji uku ko fiye, kuma ga mai caji biyu sai an ƙara ɗan karo a kai kafin a samu abin kirki.

Mataki na takwas: karanta faɗin ƙololuwa

Wannan ya fi shafar mai na'urar maganaɗisu ko wadda ke auna kuzarin gudun ayon. Idan caji biyu suka rabu, turewar tana komawa gudu, gutsattsarin su yi tsalle ta fuskoki daban-daban, wasu gaba, wasu baya, wasu gefe. Sakamakon shi ne ƙololuwa mai faɗi sosai, samanta a shimfiɗe ko ma da kwarmi a tsakiya, saboda waɗanda suka yi gefe ba su wuce ta tsagar na'ura ba. Fitar ɓangare marar caji kuwa tana ba da siririyar ƙololuwa, domin kuzarin da take saki kaɗan ne. Ga ayon da ya tsage a kan hanya kafin maganaɗisu, wurin bayyanarsa shi ne m/z ɗin gutsure ninke da kansa a raba da m/z ɗin uwa. Benzin mai caji biyu yana rabuwa zuwa C5H3 a 63 da metil a 15, don haka 63 sau 63 a raba da 39 ya ba da kusan 101.8, lambar da ta haura nauyin benzin ɗin kansa.

Daga faɗin ake lissafa kuzarin da aka saki, daga kuzarin kuma ake ƙiyasta nisan da ke tsakanin cajin biyu a lokacin rabuwa, ta hanyar raba 14.4 da kuzarin a ma'aunin eV, amsar ta fito a angistirom, ma'aunin tsawon da ake auna tazarar atom da shi. Ga wannan tsagewa ta benzin kuzarin yana tsakanin eV 2.5 da 3, wanda ke nuna nisan kimanin angistirom 5, alhali daga karbon zuwa wanda ke fuskantarsa a zoben benzin angistirom 2.8 ne kacal. Wannan ne ya sa masu bincike suka fassara cewa zoben yana buɗewa ya miƙe kafin ya rabu, kuma fitar metil daga molekul da ba shi da metil tun asali ta nuna cewa haidirojin sun yi ƙaura. Sai dai ka ɗauki wannan nisa a matsayin ƙiyasi kawai, domin lissafin ya ɗauka cewa caji ɗigo biyu ne kuma duk turewar ta koma gudu, alhali wani kaso yakan zauna a cikin gutsattsarin a matsayin girgiza da juyawa, abin da ke sa nisan da aka lissafa ya fi na gaskiya tsawo. Idan za ka rubuta shi a rahoto, ka rubuta kuzarin da ka auna tukuna, da wurin tsayin ƙololuwa inda ka ɗauki faɗin, sannan nisan ya biyo baya tare da sharuɗɗan da aka gina shi a kansu.